Ni admin ne kawai, ban taɓa ɗora littafin kowa ba: don me za a ce za a kai ni kotu?

Ɗan_Sabuwar_Ƙofa: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, don Allah masu ilimin shari'a ku taimaka. Ina da guruf a Telegram, shekara uku ke nan da buɗe shi, mutum dubu goma sha ɗaya da ɗoriya. Asali don hirar littattafan Hausa da fina-finai na buɗe. A hankali mutane suka fara turo dokumen, wannan ya tambaya wancan ya turo. Wallahi ni da hannuna ban taɓa ɗora littafin kowa ba. Shekaranjiya da daddare wata marubuciya ta biyo ni ta saƙo, ta jero min sikirinshot bakwai na littafinta na kuɗi yana yawo a guruf ɗin, ta ce ta ba ni kwana uku, in ba haka ba mu haɗu a kotu. Na ce mata ga wanda ya ɗora nan, ta je ta neme shi. Ta ce ita ni ta sani, ni ne mai gida. To fisabilillahi, in ɓarawo ya shiga kasuwa ya yi sata, Sarkin Kasuwa ake kamawa?

Abbati_09: Barazana ce kawai mutumina. Ka yi bulokin ɗinta ka kwanta ka yi barcinka. Wace kotu?

Maman_Hibba: Abbati, Allah ya shirye ka. Ni marubuciya ce, bari in gaya maka yadda littafin da kuke cewa "a turo" yake samuwa. Sai na gama aikin gida, yara sun yi barci, sannan in jingina da bango in ɗauki waya. Da babban yatsa nake bugawa, shafi bayan shafi, har yatsan ya yi tsami in koma na hagu. Wata huɗu na yi a kan na ƙarshe. Na sa shi naira ɗari biyar. Mutum ɗari da 'yan kai suka biya, na yi musu guruf nasu. Kwana biyu da kammalawa ƙanwata ta turo min shi daga wani guruf, an haɗe shi dokumen guda, an cire lambar asusuna daga farkon shafi, an sa sunan guruf ɗin a wurin. Na yi wa admin magana ya ce ba shi ya ɗora ba. Kalmar da Ɗan_Sabuwar_Ƙofa ya faɗa yanzu, ita ya faɗa min, ko harafi bai canza ba.

Abbati_09: Ayya Hajiya, ban ce ba a cuce ki ba. Amma wanda ya saya a hannunki ya fitar, ai shi ne maci amana.

Barista_Gombe: Wa alaikumus salam. Kafin in ce komai, Ɗan_Sabuwar_Ƙofa, amsa min tsakaninka da Allah. Kana samun wani abu daga guruf ɗin nan? Me aka rubuta a bayaninsa na sama, wanda sabon shiga yake fara gani? Kuma wannan ne karon farko da wani marubuci ya yi maka magana?

Ɗan_Sabuwar_Ƙofa: Barista, ina karɓar talla jefi-jefi, masu atamfa da turaren wuta da masu sayar da data. Ba wani abin kirki ba ne, kuɗin data ne kawai. Bayanin guruf kuma tun tuni na rubuta, "Duk littafin da kike nema za ki samu a nan kyauta." Marubuta biyu sun taɓa yi min magana bara, na goge nasu, daga baya aka sake ɗorawa ban lura ba.

Barista_Gombe: To ɗan'uwa, ka ga Sarkin Kasuwar naka ba irin wanda ka kwatanta ba ne. Wannan ya kafa allo a bakin ƙofa cewa ana samun kayan mutane kyauta a ciki, yana karɓar kuɗin rumfa saboda cinkoson da allon ya jawo, kuma masu kaya sun zo sun yi masa kuka har sau biyu.

Hujjar "ba ni na ɗora ba" an gwada ta a gaban alƙalai da yawa. Wadda ta fi shahara ita ce shari'ar shafin The Pirate Bay a ƙasar Suwidin. Shafin nan ko fim ɗaya babu a ajiye a kwamfutocinsa. Abin da yake yi kawai, ya nuna maka hanyar da za ka bi ka kwaso daga kwamfutocin wasu mutane. 'Yan sanda sun kai masa samame a watan Mayun 2006, aka yi shari'a a Stockholm a farkon 2009. Lauyan ɗaya daga cikin waɗanda ake tuhuma har cewa ya yi mai ɗora fayil ɗin yana iya kasancewa can cikin dajin Kambodiya, wanda yake karewa bai san shi ba, bai taɓa magana da shi ba. Ranar 17 ga Afrilun 2009 kotu ta yanke wa mutum huɗu shekara ɗaya-ɗaya a gidan yari, da diyyar kurona (kuɗin Suwidin) miliyan 30. Laifin da aka kama su da shi shi ne taimaka wa wasu wajen keta haƙƙin mallaka. A cikin huɗun har da Carl Lundström, attajirin da kamfaninsa ya ba shafin wurin ajiye na'urori da layin intanet. Da suka ɗaukaka ƙara, a 2010 aka rage wa ukun da suka bayyana zaman gidan yari, amma diyya ta hau zuwa miliyan 46. Wani abin da ya ƙara tona su: in masu haƙƙi suka rubuto musu takardar a sauke kayansu, sai su manna takardar a shafin, su bi ta da amsar izgili. Ka ga ba su da bakin cewa ba su sani ba.

Shi ya sa shawarar Abbati ta buloki ita ce mafi muni da za ka ɗauka. Sikirinshot ɗin da ta turo maka shi ne shaidar cewa ka sani.

Abbati_09: Wannan ai Turai ce Barista. Mu nan Najeriya muke.

Barista_Gombe: Najeriyar ma ta yi sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta 2022, Shugaba Buhari ya sa mata hannu a watan Maris na 2023. Tsohuwar tun 1988 take, lokacin kaset. Sabuwar ta shigo da intanet kai tsaye: mai haƙƙi yana iya rubuta sanarwa ga mai shafi a sauke kayansa, hukumar NCC tana da ikon sa a toshe shafi, kuma wanda ya taimaka ko ya sa wani ya aikata laifin shi ma akwai hukuncinsa. Sannan littafi ba sai an yi masa rajista yake samun kariya ba, da an rubuta shi ke nan. Ƙarar haƙƙin mallaka kuma Babbar Kotun Tarayya ake kai ta.

Zee_Kaduna: NCC masu toshe layin waya in ba ka haɗa da NIN ba?

Barista_Gombe: A'a ƙanwata, suna ne ya zo ɗaya. Waccan ta sadarwa ce, wannan Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ce.

Injiniya_Sakkwato: Ni dai ina da ja, ba a kan Ɗan_Sabuwar_Ƙofa ba, shi allon da ya kafa ya riga ya kayar da shi. Ja na a kan inda wannan tunani zai kai mu. In aka ce duk wanda ya samar da hanya yana da laifi, to mai sayar da memori fa? Mai sayar da data? Wanda ya rubuta manhajar Xender? Maƙeri yana ƙera wuƙa, wani ya yanka albasa wani ya soki mutum. A Amurka kamfanonin fim sun kai Sony ƙara saboda na'urar bidiyo ta Betamax, wai mutane na naɗar shirye-shiryen talabijin da ita. A 1984 Kotun Ƙoli ta ce Sony ba ta da laifi tunda na'urar tana da amfani mai yawa na halal. Da ƙyar ma aka sha, alƙalai biyar da huɗu. A Japan an kama Isamu Kaneko a 2004 saboda ya rubuta manhajar musayar fayil mai suna Winny. An ci shi tara a 2006, sai a ƙarshen 2011 Kotun Ƙolin ƙasar ta tabbatar ba shi da laifi. Shekara bakwai mutum yana zaryar kotu saboda abin da wasu suka yi da aikinsa, kuma a 2013 ya rasu. Wannan ma zalunci ne.

Barista_Gombe: Injiniya, ban musa ba. Amma ka ƙarasa labarin. Kotun da ta wanke Sony ita ce a 2005 ta juya wa kamfanin manhajar musayar fayil mai suna Grokster baya, alƙalai tara baki ɗaya. Ba ta ce manhajar musayar fayil haramun ba ce. Ta duba yadda kamfanin ya riƙa farautar mutanen da suka rasa Napster, wata manhajar musayar waƙoƙi, bayan an rufe ta, da yadda kuɗin tallarsa ke ƙaruwa da yawan masu kwasar waƙoƙin mutane. Maƙerin da ke shela a kasuwa cewa wuƙarsa ta fi kowacce saurin farke aljihu, ai ya tashi daga maƙeri.

Mai_Memori: Ku bari mu da muke cikin sana'ar mu yi magana. Shekara tara na yi ina turi, wato tura wa mutane fina-finai a waya da memori. Tebur ɗaya, lema, tsohuwar laftof da aka ɗaure murfinta da salatif, sifika tana kiɗa, da jerin wayoyi a kan caji. Yaro zai zo da memori a ƙulle cikin leda ya ce a cika masa da fassara, ya miƙo naira ɗari. Ni ban taɓa ɗaukar kaina ɓarawo ba, domin faifai ɗaya nake saya da kuɗina, ko wani abokin sana'a ya ba ni a filashi. Sai da na zauna da wani furodusa da ya sayar da filinsa ya yi fim, ya ce min ranar da fim ɗin ya fita, kafin la'asar ya gan shi a wayar mai shayin unguwarsu. Bai zage ni ba, shayi ma ya saya min. Tun ranar jikina ya yi sanyi. Amma gaskiya ɗaya: mu hannunmu ne ke turawa, ba mu da ta cewa. Shi admin da ke zaune a ɗaki ya fi mu yawan kwastoma sau dubu, kuma wai shi ne mai tsarki.

Ɗan_Sabuwar_Ƙofa: Haba Mai_Memori, ban ce ni mai tsarki ba ne. Mutum dubu goma sha ɗaya, saƙo ya fi ɗari biyar a wuni. Ina da aikin yi, ina da iyali. Ta yaya zan san wane littafi ne na kuɗi, wane ne marubuciyar ta saki kyauta? Wasu marubutan da kansu suke turo shafukan farko don su samu masu saye.

Maman_Hibba: Malam, a saman kowane shafi muke rubutawa: littafin nan na kuɗi ne, wadda ta karanta ba ta biya ba ban yafe ba. Har dariya ake mana a kai. Ka buɗe ɗaya ka gani.

Tsohon_Laburare: Wannan tambaya ta "ta yaya zan sani" ta girmi intanet. Na yi shekara talatin a ɗakin karatu, kuma akwai shari'ar da masu aikinmu suke ambata, ta Moorhouse a Ostireliya, 1975. Jami'ar New South Wales ta ajiye injinan fotokwafi a laburarenta, kowa ya jefa kwabo ya kwafa abin da ya ga dama, babu mai lura, babu gargaɗin kirki. Aka kwafi wani ɓangare na littafin wani marubuci mai suna Moorhouse. Jami'a ba ita ta danna injin ba, amma Babbar Kotun ƙasar ta ce ta ba da izini a fakaice, domin inji nata ne, littattafai nata ne, tana da ikon sa ido ba ta sa ba. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Ni kaina na sha kawar da kai ɗalibi na kwafe littafi sukutum, don na san kuɗin littafin ya fi kuɗin abincinsa na wata. Ban ce daidai na yi ba, na dai faɗi abin da na yi.

Zee_Kaduna: Wai don Allah wane littafi ne ake magana a kai? Mai shi ya taimaka min ta saƙon sirri 🙈

Maman_Hibba: Kun gani ko? A tsakiyar wannan zancen fa!

Zee_Kaduna: Wasa nake Anti, a yi haƙuri.

Malam_Na_Zaure: Kowa na ta kawo Suwidin da Japan, alhali muna da namu a gida. Allah ya ce a Suratul Ma'ida, ku taimaki juna a kan alheri da taƙawa, kada ku taimaki juna a kan zunubi da ƙetare iyaka. Malaman fiƙihu sun tattauna mas'alar mai sayar da inabi ga wanda ya san giya zai matsa da shi. Inabi halal ne, ciniki halal ne, sanin ne ya ɓata shi. Masu cewa ilimi ba shi da mai shi kuma, Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta zauna a Kuwait a 1988 ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira haƙƙi ne da shari'a ta kare, bai halatta a keta shi ba. Ɗana, ko kotu ba ta kira ka ba, ka nemi baiwar Allahn nan ku daidaita. "Ban yafe ba" ɗin da ake wa dariya ba ƙaramar kalma ba ce.

Abbati_09: Allah ya gafarta Malam, to littattafan addini da ake turawa a PDF fa? Ni a wayata akwai sun fi ɗari biyu, kuma a guruf ɗin malamai na samo su.

Malam_Na_Zaure: Wanda mai shi ya yi waƙafi ko ya ce a yaɗa, a yaɗa, lada ne. Matanin Ahalari ko Risala ba wanda zai ce nasa ne yau. Amma wanda ya zauna ya yi tahƙiƙi ko fassara ya buga da kuɗinsa, guminsa ne. Kasancewar masu rawani ne suka tura bai canza hukunci ba.

Ɗan_Maraɗi: Salamu alaikum. Mu nan Nijar muna da ofishin BNDA mai kula da haƙƙin masu fasaha. Amma abin da nike son in tambaya, guruf irin wannan ba ya da iyaka. Admin yana Kano, mai ɗorawa yana Damagaram, marubuciya tana Kaduna, kamfanin Telegram yana Dubai. Wa za a kama, kuma a ina? Ai shi ya sa kowa ke yin abin da ya ga dama.

Abbati_09: Yauwa! Kuma Telegram ba ta ba da bayanan kowa. Shi ya sa ma aka kama mai ita a Faransa, saboda satar fina-finai.

Injiniya_Sakkwato: Abbati, ka haɗa biyu ka ɓata duka. An kama Pavel Durov a Faransa a watan Agustan 2024, amma tuhumar ta shafi abubuwa irin su safarar ƙwaya, hotunan lalata da yara, damfara da ƙin ba hukuma haɗin kai, ba fim ba. Bayan nan kamfanin ya sanar cewa zai iya miƙa lambar waya da adireshin intanet na wanda ake zargi in hukuma ta nema ta hanyar doka. Tun kafin wannan ma, a 2022, wata malama a Indiya da ake raba darussanta na kuɗi a tashoshin Telegram ta je Babbar Kotun Delhi, kotu ta umarci kamfanin ya bayyana masu tashoshin. Shi kuwa ɗan'uwanmu ba sai an je Dubai ba, lambar asusunsa na karɓar kuɗin talla tana manne a saman guruf.

Ɗan_Sabuwar_Ƙofa: Innalillahi. Wannan ban ma tuna da ita ba.

Hauwa_Jos: Ni abin da ke ɗaure min kai, YouTube cike yake da kayan mutane, me ya sa ba a rufe shi ba? Ko doka talaka kawai ta sani?

Barista_Gombe: An kai shi kotu, Hauwa. Kamfanin talabijin da fina-finai na Viacom ya nemi dala biliyan 1 a 2007, aka yi ta fafatawa har suka sasanta a 2014. Abin da ya tsare shi dokar Amurka ce ta 1998, wadda ta ce mai shafi ba ya ɗaukar laifin masu ɗorawa muddin in an sanar da shi ya sauke da gaggawa, kuma yana korar masu maimaitawa. Shi ya sa tasha ke mutuwa in ta samu gargaɗi uku. Amma akwai gaskiya a maganarki: babban kamfani yana da lauyoyi da na'urar da ke gane waƙa ko fim da kanta, admin ɗin unguwa ba shi da ko ɗaya.

Maman_Hibba: Marubuciyar unguwa ma ba ta da ko ɗaya. Kuɗin lauya na zama ɗaya ya fi abin da littafin ya kawo min gaba ɗaya. Shi ya sa muke tsinuwa, ita ce ba a biya.

Ɗan_Sabuwar_Ƙofa: To jama'a, ga inda ake. Jiya na goge littafinta duka, na cire wanda ya ɗora, na canza bayanin guruf, na rufe turo dokumen. Kafin asuba mutum ɗari shida sun fita, wasu da zagi. Na kira ta, ta sauko, amma ta ce sai na biya ta wani abu daga kuɗin talla, muna kan magana. Sai dai wata sabuwa: mataimakina ya buɗe tasa tashar daban ya kwashe dokumen ɗin can. Ya ce ba ruwana da ita, linki kawai zan manna masa a sama, mu raba kuɗin talla. Ni ba admin ba ne a can, ba kuma a guruf ɗina kayan suke ba. Barista, wannan fa?

Barista_Gombe: Kotun Tarayyar Turai ta amsa irin wannan a 2016, a shari'ar GS Media ta ƙasar Holan. Shafin kamfanin bai ɗora hotunan da ake ƙara a kansu ba, linki ya sa, aka ce ya cire ya ƙi, da aka sauke na farko ya nemo wani linkin ya sa. Kotu ta ce wanda ke sa linki don neman kuɗi, ana ɗauka ya san abin da ke bayansa. Hukuncin Turai bai ɗaure alƙalin Najeriya ba, amma lauyan marubuciyar zai karanta masa shi. Kuma kai yanzu ka rubuta da hannunka a gaban mutane cewa ka san abin da ke cikin tashar.

Injiniya_Sakkwato: Na yarda a kan raba kuɗin talla. Amma linki zalla, babu kuɗi, ni har gobe ina da ja. In wani ya tambaye ni hanyar gidan boka na nuna masa da baki, ni na yi tsafin?

Malam_Na_Zaure: Injiniya, wannan misalin naka kada ka kawo shi zaure.

Mai_Memori: Ɗan_Sabuwar_Ƙofa, mataimakin nan naka, asusun wa zai sa a saman tashar tasa? Ka tambaye shi wannan tukuna.